Tuƙa dampa a wurin gini: daga tayarwa zuwa tsayawa da ajiyewa

Dampa ita ce ƙaramar motar nan mai bokiti a gaba, direba a baya, wadda ake jigilar yashi, tsakuwa, jar ƙasa da kwaɓaɓɓen kankare da ita a cikin filin aiki. Ba tifa ba ce. Tifa ta baya take zubarwa, direbanta kuma yana cikin ɗaki mai ƙofa da rufi. Dampa kuwa ta gaba take zubarwa, kayanta suna tsakanin idon direba da hanya, kuma da yawansu ba su da ɗaki, sai kujera a fili da wani ƙarfe mai kauri da ya yi baka a kan direba. Kamfanoni irin su Thwaites, Mecalac, JCB, AUSA da Wacker Neuson suna ƙera ta daga mai ɗaukar tan 1 har zuwa mai tan 9 ko 10.

Ƙanƙantarta ce ke sa a raina ta, har a miƙa makullinta ga duk wanda ya ce ya iya mota. Wannan ganganci ne. Hukumar HSE mai kula da kariyar ma'aikata a Birtaniya, ƙasar da ake yawan aiki da wannan mota, ta bayyana cewa sama da kashi 60 cikin 100 na mutuwar da dampa ke jawowa kifewa ce da direba, yawancin sauran kuma mutanen ƙasa ne da ta buge tana gaba ko tana baya. Wanda bai samu horo a kanta ba, kada ya hau.

Nauyinta ba a wuri ɗaya yake ba

Duk abin da zai biyo baya a kan wannan ya dogara. Dampa mai tan 6, idan ba kaya, nauyinta ya kai tan 4 ko ɗan fiye, kuma mafi yawansa a baya yake, inda inji yake. Da an cika bokiti ta koma tan 10, nauyin ya yi ƙaura zuwa gaba. Idan aka ɗaga bokitin, nauyin ya ƙara hawa sama ya leƙa gaban tayoyi. Ga shi kuma yawancinsu a tsakiya suke lanƙwashewa idan an juya sitiyari, rabin gaba ya yi nan, rabin baya ya yi can. A lanƙwashe, nauyin yana karkata zuwa ɓangaren waje na kwanar, shi ya sa motar da ke tsaye daram tana miƙe za ta iya kwanciya a wuri ɗaya idan an murɗe sitiyari. Kafin kowane motsi, direba ya san inda nauyinsa yake a wannan lokacin.

Zagayen safe

Minti goma ya isa, inji a kashe, makulli a aljihunka. Fara da ƙasan motar: idan akwai ɗigon mai ko ruwa, nemi inda ya fito. Duba baƙin mai, ruwan lagireto, man haidirolik, man birki da dizal. Tsiyaye ruwan da ya taru a kofin matatar mai idan motar na da shi. A lokacin hunturu ƙura tana toshe matatar iska da haƙarƙarin lagireto da wuri, don haka a riƙa duba su kullum. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi.

Tayoyi su ne abin da ake yawan wucewa. Dampa ba ta da sifirin irin na mota, iskar taya ce ke riƙe daidaitonta. Taya ɗaya ta gaba da ta rage iska takan sa motar ta karkata gefe guda da zarar an loda, a kan gangara kuma wannan ɗan karkacen na iya zama silar kifewa. Auna da ma'auni bisa adadin da littafin motar ya faɗa, ba da bugun ƙafa ba. Duba notunan taya, da tsaga a gefen roba.

Sai gaɓar tsakiya da fil-fil ɗin bokiti: su kasance da giris, ba sa girgiɗi. Idan bakanike ya sa ƙarfen kulle gaɓar jiya, a tabbata an cire shi, in ba haka ba sitiyari ba zai juya ba. Tiyon haidirolik da ake zargin yana yoyo, da kwali ake gwada shi. Man da ke cikinsa yana da ƙarfin huda fata ya shiga nama, raunin kuma yana kai mutum ɗakin tiyata.

Ƙarfen kariyar da ke kan direba ya kasance a tsaye, fil ɗinsa biyu a soke, da 'yan makullansu. Ana naɗe shi ne kawai don lodin motar a tirela ko wucewa ƙarƙashin wuri mai gajarta, da an wuce a mayar. Wanda ya lanƙwashe, ya tsage ko aka yi masa walda, ya tashi daga aiki. Bel ɗin kujera ya shiga ya kama, ba yagewa. Idan bel ya lalace, motar ba ta fita.

Hawa da tayarwa

Kankare lakar takalmi da ta matakala. Hau kana fuskantar motar, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya suna riƙe a kowane lokaci, kuma kada ka ja sitiyari ko sandar bokiti a matsayin mariƙi. Gyara kujera yadda ƙafarka za ta kai birki har ƙasa, sannan ka ɗaura bel a jikinka. Wasu kan zagaya da shi ta bayan kujera don injin ya yarda ya tashi ko koriyar fitilar sama mai nuna an ɗaura bel ta kama. Mai yin haka kansa yake cuta: ƙarfen kariya wuri yake tanadar maka idan motar ta kife, bel ne ke riƙe ka a cikin wurin. Babu bel, ƙarfen da aka sa don ya cece ka shi zai danne ka.

Birkin hannu a ja, giya a firi, sannan ka murɗa makulli. Jira fitilar ɗumama inji ta mutu kafin ka tayar. Idan bai kama ba cikin daƙiƙa 15 zuwa 20, saki ka ba shi minti ɗaya ko biyu. Fitilar mai da ta batir su mutu nan take. Idan ta mai ta ƙi mutuwa, kashe injin. Ba a tayar da dampa daga ƙasa, ba a kuma haɗa wayar sitata da sukundireba, domin idan tana cikin giya kai ne farkon wanda za ta taka.

Kafin lodin farko, gwada sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ɗaga bokiti ka sauke, danna hon, saurari ƙarar ribas. Matsa mita kaɗan ka taka birki, gaba da baya. Birkin da ke nutsewa kamar soso, ko wanda sai an buga shi sau biyu, na bakanike ne.

Lodi

Tsaya a wuri mai ƙwari kuma shimfiɗaɗɗe, motar a miƙe. Ja birkin hannu, sa firi, kashe inji, sauka, ka tsaya nesa inda mai injin haƙa ke ganinka, ba a tsakanin motocin biyu ba, ba kuma inda hannun injin ke juyawa ba. Zama a kan kujera ana zuba duwatsu mita ɗaya daga fuskarka ba jarumta ba ce. Motar da aka ƙera da ɗaki mai kariya daga faɗowar kaya kaɗai ake iya zama a cikinta, shi ma sai dokar wurin aikin ta yarda.

An ce ido ba mudu ba, ya san kima, amma a nan ido yana ruɗi. Kubik mita ɗaya (wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi) na kwaɓaɓɓen kankare ya kai kusan tan 2.4, na busasshen yashi kuma wajen tan 1.6, jiƙaƙƙe ya fi haka. Bokitin da ke ɗaukar busasshiyar ƙasa har da tozo zai iya wuce ƙarfin motar da kankare tun bai cika ba. Duba farantin da ke jikin motar ka san tan nawa aka yarda mata. Kada tozon kaya ya tare maka gani: idan kana zaune ba ka hango ƙasan da ke 'yan mitoci gabanka, ba za ka ga lebura a durƙushe ba. A rage. Kayan su zauna a tsakiya, kada katako ko rodi su leƙo ta gefe. Bayan lodi, share tsakuwar da ta zubo wajen fedoji, domin dutse ɗaya a ƙarƙashin birki ya isa.

Tafiya

Kafin ka motsa, dubi kowane gefe, danna hon, taka birkin ƙafa, zaɓi gaba ko baya, sannan ka saki birkin hannu. Bokiti a sauke gaba ɗaya. Bokiti mai juyawa gefe kuma a mayar da shi tsakiya ya zauna a mazauninsa.

Yawancin dampa ba sa wuce kilomita 25 zuwa 30 a awa, amma a cikin fili ko rabin haka ya yi yawa a wurare da dama. A gudun kilomita 10 a awa, motar na cin kusan mita 3 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafarka ta isa birki ka riga ka wuce tsawon mutum kwance. Idan gudun ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninka huɗu. A kan hanya mai gargada gudu yana sa motar tsalle, direba ya riƙa tashi daga kujera, ƙafarsa ta bar feda. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

Kujera ɗaya ce, mutum ɗaya. Babu rage wa lebura hanya a kan matakala, a kan murfin inji ko cikin bokiti. Waya a aljihu. Inda gani ya yi ƙaranci a sa mai ba da hannu guda ɗaya, ku yarda da alamu tun farko, kuma da ya ɓace maka ka tsaya cik. A filayen da ba a killace ba, masu tallan abinci da ruwa da yara suna ratsawa, ba su san inda direba ba ya gani ba.

Tsaya cak kafin ka sauya daga gaba zuwa baya. Sauyawa ana tafiya yana cin giya, yana kuma fizgar kaya.

Tudu da gangara

A nan aka fi rasa rai, don haka a natsu. Ƙa'idar ita ce ɓangaren da ya fi nauyi ya fuskanci sama. Da kaya, bokiti ne mai nauyi: ka hau da gaba, ka sauko da baya. Idan ka sauko da gaba da bokiti cike ka taka birki, nauyin zai tafi gaba, tayoyin baya su saki ƙasa, motar ta tuntsura da ka. Ba kaya kuwa, inji ne mai nauyi, don haka a gangara mai tsauri bokiti ne ke kallon ƙasa. Littafin motar ya faɗi iyakar gangarar da aka yarda mata. Ga da yawa daga cikinsu 1 cikin 4 ne, wato hawan mita 1 a tafiyar mita 4, na ratsawa ta gefe kuma ya fi haka ƙanƙanta. Aunawa ba wuya: ɗora ƙarshen katako mai mita 2 a ƙasa ta sama, daidaita shi da lebur, auna tazarar ɗaya ƙarshen zuwa ƙasa. Idan ta kai santimita 50, ka kai 1 cikin 4. Wannan iyaka ta busasshiyar ƙasa mai ƙwari ce. Jar ƙasar da aka sha ruwa a kanta da daddare tana zama kamar sabulu, gangarar da ka hau jiya lafiya yau ba ta hawuwa.

Zaɓi ƙaramar giya tun a ƙasa ko tun a sama, kafin taya ta taɓa gangarar, kuma kada ka sauya a tsakiya. Kada ka taɓa sakin motar a firi ko ka taka kuloci tana gangarawa: injin ya daina riƙe ta, birki kaɗai ya rage da tan 10. Kashe inji don tsimin mai ya fi wannan muni, domin sitiyarin da famfon haidirolik yake aiki, inji na mutuwa ya yi tauri. Miƙe sama ko miƙe ƙasa. Juyawa a tsakiyar gangara yana haɗa abu biyu mafi haɗari, ratsawa da lanƙwashewa, a lokaci guda.

Idan duk da haka ta fara kifewa, kada ka yi tsalle. Riƙe sitiyari da hannu biyu, tokare ƙafafu, karkata jikinka zuwa ɓangaren da ke sama. Mai tsalle ɓangaren da motar ke faɗawa yake dira.

Zubarwa

Gefen rami ba ya nuna rauninsa. Ƙa'idar da masu aikin haƙa ke bi ita ce kada hanyar mota ta kusanci ramin da ba a tokare ba fiye da zurfinsa: rami mai mita 2, a bar aƙalla mita 2, a ƙara idan ƙasar cikawa ce ko ta jiƙe. Inda dole a zuba a cikin rami, a kafa matokari, katako mai kauri ko tubalin kankare da aka kafe da turaku, nesa da baki yadda nauyin motar ba zai rusa gefen ba. Matokari alama ce ta inda za a tsaya, ba birki ba ne. Tunkare shi a miƙe, a hankali, bayan an tabbatar ba kowa a cikin ramin.

Tsaya, ja birkin hannu, sa firi, sannan ka ɗaga bokiti a hankali kana kallon kayan. Busasshen yashi zai fara zuba tun da wuri. Laka da jiƙaƙƙiyar jar ƙasa kuwa sukan manne. Bokiti ya yi sama, kaya ba su fita ba, duk nauyin ya koma gaban taya. Da ka ga haka, ko ka ji baya ya yi sauƙi, sauke bokitin, kashe inji, a sassauta kayan da shebur. Fizgar motar gaba da baya da bokiti a sama don kaya su faɗo shi ne gajeriyar hanyar shiga ramin tare da su. Mai zubarwa ta gefe ta fi saurin kwanciya, ba a yi sai a shimfiɗaɗɗen wuri, motar a miƙe. Sauke bokiti har ya zauna kafin ka ja baya. Dubi sama ma, saboda wayoyin lantarki.

Tsayawa

Tsayawar yau da kullum: saki totur tun da nisa, taka birki a hankali kana ƙarawa, motar a miƙe. Mai giyar haidirolik da kanta take rage gudu da ka ɗaga ƙafa, har takan yi fizga idan ka ɗaga gaba ɗaya. Mai giya huɗu da sandar gaba da baya kuwa takan ci gaba da gangarawa, sai ka taka. San wadda kake kai. Birkin hannu ba na tsayar da mota mai tafiya ba ne, sai in na ƙafa ya mutu. Idan hakan ta faru, bar ta a giya, saki totur, ja na hannu, ka nufi tulin yashi ko wurin da ba mutane.

Tsayawar ɗan lokaci ita aka fi yi wa sakaci: sauka don buɗe ƙofa, ɗauke dutse a hanya, shan ruwa, zuwa salla. Duk lokacin da za ka bar kujera, ko na rabin minti ne, birkin hannu, firi, kashe inji, cire makulli. Inji na aiki, girgizarsa na iya sassauta birkin da bai kama sosai ba, kuma riga ko gwiwa na iya ture sandar giya yayin sauka, motar ta tashi kana rataye a matakala. Wanda zai yi maka magana ma ya jira sai ka yi waɗannan kafin ya matso gefen taya.

Ajiyewa a ƙarshen aiki

Fara da juye kaya. Dampa ba ta kwana da lodi, kankare kuma a wanke shi tun bai daskare ba. Zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe mai ƙwari, nesa da bakin rami, da hanyar ruwa, da ƙofar shiga, da wurin ajiyar mai. Da damina a lura da inda ruwa ke kwanciya, kada a wayi gari taya ta nutse. Daga nan bi wannan jeri yadda yake:

1. Tsaya motar a miƙe, gaba da baya a layi ɗaya.
2. Ƙafa na kan birki, ja birkin hannu har ƙarshe, sa firi.
3. Saki birkin ƙafa a hankali ka ji ko ta motsa.
4. Sauke bokiti ya zauna sosai.
5. Bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu ba totur, musamman mai tobo da ya sha aiki, don mai ya sanyaya shi.
6. Kashe, cire makulli, kwance bel, sauka da baya kana fuskantar motar. Ba tsalle.
7. Kashe makunnin batir idan akwai, kulle murfin inji da na tanki.

Abu ɗaya da direbobin mota ke zuwa da shi wanda ba ya aiki a nan: barin mota a giya don ta riƙe kanta. A tsohuwar dampa mai kuloci yana ɗan taimakawa. A sababbin da ƙarfin injinsu ta cikin mai yake bi ya isa taya, inji na mutuwa giya ba abin dogaro ba ce, birkin ajiyewa ne kawai ke riƙe motar.

Idan ba makawa sai an ajiye a gangara, a sa weji mai kauri ta ɓangaren ƙasa na tayoyi aƙalla biyu. Bulo na farfashewa, ƙaramin dutse kuma yana nutsewa. Katako mai ƙwari da aka yanka don wannan aiki ya fi. Haka za a yi wa motar da ta lalace a hanya da kaya, a kuma kewaye ta da alama har bakanike ya zo. Shi ma kada ya sa kai ƙarƙashin ɗagaggen bokiti sai an soka ƙarfen tokarewa, kada ya shiga gaɓar tsakiya sai an kulle ta.

Cika tanki da yamma yana rage ruwan raɓa da ke taruwa a ciki da daddare. A yi shi inji a kashe, ba sigari. Duk abin da ka ji ya sauya a yinin, birkin hannu da ya fara ja da nisa, sitiyari mai nauyi, ƙara daga tsakiya, ka rubuta ka gaya wa shugaban aiki a ranar, a rataya alamar kada a taɓa a kan sitiyari idan matsalar ta birki ce ko ta sitiyari. Makulli ya tafi ofis, ba ƙarƙashin kujera ba, inda kowane yaro da mai gadi suka san ana ɓoyewa. Washegari kuma, kafin komai, a leƙa ƙarƙashin motar da bayan tayoyi, domin inuwarta wurin kwanciya ce ga mutane da dabbobi.